Mashaya Da Gidan Abinci A Kaduna: Wa Zai Ji Kukan Mai Saye?

Daga Wakilinmu a Kaduna

Ran Juma'ar ƙarshen watan jiya, bayan an tashi daga aiki, wani abokin aikina ya yi baƙo daga Jos, ya roƙe ni in raka su wani wuri a Barnawa inda aka ce ana gasa kifi mai kyau. Wurin irin waɗanda suka cika kudancin Kaduna ne yanzu. Fili ne aka kewaye da katanga, aka jera kujerun roba ƙarƙashin rumfar kwano, ɗakin girki a gefe guda, mashaya a ɗaya gefen, ga manyan akwatunan talabijin biyu an kafa a bango. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin abin da ya same mu can shi ke samun mutane a wurare da yawa irinsa, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mutum ɗaya laifin da ya zama ruwan dare.

Mun zauna wajen minti 20 kafin wata yarinya ta zo ta tambayi abin da muke so. Babu takardar da ke nuna irin abincin da ake da shi, balle kuɗinsa. Muka ce a kawo kifi da dankali da lemo. Lemon ya zo da ɗumi, wai tun rana babu wuta, kuma ba a tada janareta sai magariba ta yi. Kifi kuwa sai da ya haura sa'a guda, duk sa'ad da muka tambaya sai a ce yana zuwa. Kafin ya iso mai sa waƙoƙi ya riga ya ƙure lasifika, har baƙon da aka fito da shi don a yi hira ya koma yi mana magana da hannu. Da muka tashi tafiya aka kawo lissafi a wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, jimla kawai aka rubuta, jimlar kuma ta fi abin da yarinyar ta faɗa mana da baki. Da aka nemi bayani sai aka ce ai akwai haraji da kuɗin sabis. Abokina ya tura kuɗin ta waya, banki ya cire, amma saƙo bai shigo wa mai wurin ba, saboda haka aka tsayar da mu bakin ƙofa kamar waɗanda suka ci bashi suna shirin gudu, har Allah ya sa saƙon ya shigo.

Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar abin da ya faru a mota. Da na ce ya kamata a kai ƙara, sai abokin nawa ya yi dariya, ya tambaye ni wurin wa za a kai, kuma da wane ido ma'aikacin gwamnati mai iyali zai shiga ofis ya sa hannu a takarda cewa an cuce shi a wurin da ake sayar da giya. Tambayoyin nan biyu su ne asalin wannan sharhi.

Kafin mu yi nisa ya kamata mai karatu ya fahimci abu guda. Maganar halaccin giya ko haramcinta ba ta cikin abin da muke dubawa. Musulunci ya yanke hukunci a kanta tun tuni, limaman coci da yawa su ma suna wa'azi a kanta, kuma wannan jarida ba ta kiran kowa zuwa gare ta. Amma gaskiyar al'amari ita ce yawancin wuraren nan gida biyu ne a cikin ɗaya, kuma masu shigarsu ba mashaya ba ne duka. Akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, iyalinsa suna Zariya ko Kafanchan, wanda farfesu da tuwon dare ke kai shi. Akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Jami'ar Jiha, waɗanda ke haɗa kuɗi su sayi lemo don su sami kujerar kallon ƙwallon Ingila. Akwai matan aure da ke kai 'ya'yansu ranar hutu, akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taronsu na wata-wata a can. Duk wanda ya ba da kuɗinsa a cikinsu yana da haƙƙin a ba shi abin da ya biya, cikin tsabta da mutunci, kuma a kan farashin da ya sani tun kafin ya ci.

Kaduna garin ma'aikata ne tun asalinsa. Tun da Gwamna Lugga ya mai da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya cika da akawuna da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen da suka baro garuruwansu, waɗanda ala tilas su ci abinci a waje. Turawan mulki sun hana a sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa, sai a wuraren da suka keɓe suka ba lasin, watau tun a wancan lokaci sana'ar ta fara zama ta bayan gari, wadda hukuma ta san da ita amma ba ta son a gan ta tare da ita. Daga baya masana'antu suka zo. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun kamar UNTL da Arewa suka biyo baya cikin shekarun 1960, kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe reshensa a Kakuri a 1963, kamfanin haɗa motocin Fijo ya fara a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata suna tashi daga aiki da dare da kuɗi a aljihu, ga yunwa, ga gajiya.

A wancan zamani manyan wuraren saukar baƙi da cin abinci a hannun gwamnati suke. Kusan kowace hedkwatar lardi tana da gidan baƙi na gwamnati, Kaduna tana da Otal ɗin Hamdala tun zamanin Sardauna, sa'an nan aka gina Otal ɗin Durbar saboda hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Kuku da mai sabis a irin waɗannan wurare ma'aikata ne masu albashi, an koya musu aikin, da yawansu a sashen koyon girki da kula da otal na Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Da aka biya ƙarin albashin Udoji tare da ariyas a farkon 1975, ƙaramin akawu ma ya sami halin shiga inda a da sai dai ya hango daga bakin titi. Kada a ɗauka komai lafiya lau yake a lokacin. Tsofaffin ma'aikata da na yi hira da su sun tuna da jinkiri irin na aikin gwamnati, da kukun da ke kulle ɗakin girki da zarar lokacin tashinsa ya yi ko da baƙo na zaune. Amma dukkansu sun yarda da abu biyu, watau farashi a rubuce yake, kuma akwai manaja mai ofis wanda in an kai masa ƙara yana tsoron ta wuce shi zuwa sama.

Yadda wannan tsari ya rushe sananne ne. Tsuke bakin aljihu ya zo a 1982, shirin SAP ya biyo a 1986, albashi ya daina kai mutum ko'ina. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007. Otal ɗin Durbar ya faɗa cikin shari'a tsakanin Gwamnatin Tarayya da iyalan marigayi Janar Sani Abacha, ya zama kango shekara da shekaru, har Gwamnatin Jiha ta rushe shi a watan Janairun 2020. Daɗin daɗawa, rikicin Shari'a na watan Fabrairu da na Mayun 2000, da wanda ya biyo baya a watan Nuwamban 2002, sun raba garin biyu, kogi ya zama iyaka. Gwamnatin Alhaji Ahmed Makarfi ta kwantar da ƙurar a 2001 da tsarin da ya ba Musulmi kotunan Shari'a, ya ba waɗanda ba Musulmi ba kotunan gargajiya, ba a kuwa hana sayar da giya a faɗin jihar ba kamar yadda aka yi a Zamfara da Kano. Sakamakon haka mashayu suka tattara suka koma Kakuri da Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha, in ban da kulob-kulob da kasuwannin mami na bariki, arewacin gari kuma ya riƙe gidajen abinci da masu shayi da masu tsire da gidajen kallon ƙwallo. Sana'ar da a da take hannun manyan kamfanoni da gwamnati ta koma hannun ɗaiɗaikun mutane, da yawansu waɗanda suka rasa aiki ne ko suka yi ritaya suka zuba kuɗin sallamarsu a ciki, ba tare da sun taɓa koyon yadda ake tafiyar da ita ba.

To, me ya sa hidima ta lalace haka? Mai saye yakan ɗora laifin a kan yarinyar da ke gabansa, domin ita yake gani. Lalle akwai masu sabis marasa ladabi, amma in aka duba yadda ake ɗaukarsu aiki sai a ga abin mamakin shi ne da ake samun masu ladabin. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma mashaya ko gidan abinci nawa ne a Narayi ke da ma'aikata 25? Saboda haka yarinyar nan abin da mai gida ya ga dama shi yake ba ta. Babu takardar ɗaukar aiki, babu ranar hutu tabbatacciya. In kofi ya fashe daga albashinta za a cire, in wani ya sulale bai biya ba daga albashinta za a cire. Wannan shi ne dalilin da ya sa ta tsare mu a ƙofa ranar nan ido ya yi ja, don in saƙon banki bai shigo ba kuɗin kifinmu a wuyanta yake. Tana tashi aiki bayan sha biyun dare, ta nemi abin hawa da kuɗinta, a unguwannin da tun satar mutanen da aka sha fama da ita a Ƙaramar Hukumar Chikun a 2021 kowa ke ɗari-ɗari da tafiyar dare. Ga kuma abin da take haƙuri da shi daga bakin wasu masu saye da hannuwansu, wanda ba sai an fayyace ba. Wadda ke cikin wannan hali wata uku ta yi yawa ta bar aikin, a ɗauko wata sabuwa wadda ba ta san komai ba, a sake komawa farko.

Shi ma mai wurin yana da nasa kukan, kuma ba na ƙarya ba ne. An rufe masa wuri watanni a lokacin kullen cutar korona da aka sa a jihar nan daga ƙarshen Maris 2020. Bai gama farfaɗowa ba aka shiga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, lokacin da kowa ya koma tura kuɗi ta waya ko yana so ko ba ya so. Ran 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a watan Oktoban 2024. A tsakiyar wannan shekarar ta 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mutumin da ke sayar da sanyi da haske da kiɗa, dukkansu kuwa wuta suke ci, shi ne na farko da irin wannan tsada ke kayarwa. Shi ya sa ba a tada janareta sai an ga mutane sun taru, shi ya sa ba a ajiye kifi da yawa a firji, sai ka yi oda a aika yaro ya nemo, kai kuma ana ce maka yana zuwa. Shi ya sa kuma aka daina buga takardar farashi, wai kafin tawada ta bushe kuɗin kaya ya canza.

Wannan uzuri na ƙarshe shi ne wanda bai kamata a karɓa ba. Allo da alli ba su da tsada, kuma mai tsire ma yana faɗin kuɗin tsinkensa kafin a ci. Ban da haka akwai doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya nuna farashin kayansa a fili, ta hana shi karɓar fiye da abin da ya nuna, ta ba mai saye haƙƙin a ba shi rasidi mai bayani, ta kuma ce hidimar da aka biya a yi ta cikin lokacin da ya dace. Duk abin da aka yi mana a Barnawa, in ban da ƙarar lasifika, dokar nan ta ambace shi. Ɗalibai masu karanta wannan shafi ya kamata su riƙe wannan, don su aka fi rainawa.

Maganar haraji kuwa tana bukatar a ɗan tsaya a kanta. Harajin VAT ya fara aiki a ƙasar nan a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020, sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 kuma suka bar shi a haka. Jihar Legas ta kafa nata harajin na kashi 5 a kan otal-otal da gidajen abinci a 2009, wasu jihohi suka bi sahu. Amma dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda cinikinsu na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba, nauyin karɓar VAT, sabbin dokokin ma sun ci gaba da ɗauke musu. Ke nan in aka ce maka akwai haraji a kan 'yar takardar da aka yago daga littafin makaranta, wadda ba ta da sunan wuri balle lambar rajistar haraji, kana da damar ka tambaya wane haraji ne, kuma aljihun wa zai shiga. Kuɗin sabis shi ba haraji ba ne sam, mai wuri ne ke ƙirƙirarsa. A ƙa'ida na ma'aikata ne. Na tambayi masu sabis a wurare uku dabam-dabam ko suna ganin wani abu daga ciki, babu wadda ta ce ta taɓa gani, sai dai ɗan abin da mai saye ya miƙa mata a hannu don Allah.

Sai batun nishaɗi, wanda shi ne rabin abin da ke fitar da mutum daga gida. Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin da daren Asabar ke nufin makaɗa a kan dandamali. Marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, a nan Kaduna ƙungiyar makaɗansa take da zama, kuma cikin shekarun 1980 shirinsa ya zagaya ƙasa ta gidan talabijin na NTA. A ƙananan otal-otal na unguwa kuwa masu goge da masu kukuma ke cin kasuwarsu. Manya irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, duk sun yi wasa a otal-otal da kulob-kulob na garuruwan Arewa. Abin lura a nan shi ne makaɗi yana kallon jama'arsa. Ya san wanda ya shigo, ya san lokacin da za a zafafa da lokacin da za a sassauta a bar mutane su yi magana, domin abincinsa yana cikin liƙin da za a yi masa, wanda bai ji daɗi ba kuwa ba ya liƙi. Watau mai saye yana da hanyar nuna yardarsa ko rashinta nan take.

Yanzu ƙungiyar mutum goma ta koma yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifikoki. Mai wuri ne ke biyansa, kuma umurnin da ake ba shi shi ne ya sa a ji su daga bakin titi, don a rinjayi maƙwabcin da shi ma ya ƙure tasa. Kiɗan ya tashi daga abin da ake yi wa wanda ke zaune a ciki, ya koma talla ga wanda ke wucewa a waje. Na zaune in ya ce a rage sai a ce masa wasu suna so. Mawaƙan da ake sa waƙoƙinsu dare da rana su ma ba su ganin ko kwabo, ko da yake dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta ce wurin kasuwancin da ke amfani da waƙar wani sai ya biya. A ganina asarar da ta fi duka ita ce ta matasan makaɗa, don irin waɗannan dandamali su ne makarantar da na da suka koyi riƙe jama'a, yanzu kuwa sai coci ko gidan biki.

Abin da ya maye gurbin makaɗa da gaske shi ne ƙwallo. Ran Asabar da Lahadi, da daren Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai, wurin da ya wuni babu kowa sai ya cika maƙil. Nan ma akwai ƙorafi. Wasu wuraren ba a barinka ka zauna sai ka sayi abin sha a kowane rabin lokaci, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa kuma sai an nemo wanda ke riƙe da makullin janareta. Ga cacar ƙwallo ta waya, wadda ta sa ɗalibi ke zaune gaban talabijin ba don wasan ba, don kuɗin makarantarsa da ya zuba a kai. Wannan wani babi ne da za mu buɗe wata rana.

Mu koma kan tambayar abokina ta farko, watau wurin wa za a kai ƙara. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, da kuma ba da lasin na sayar da giya, aikin ƙananan hukumomi ne. A 2013 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Legas, ta tabbatar cewa rajistar otal-otal da gidajen abinci da tsara musu ƙa'ida hurumin jiha ne. Ke nan ba a Abuja matsalar take ba, tana nan Kaduna ta Kudu da Kaduna ta Arewa da Chikun da Igabi. A da akwai duba-gari, wanda matan gida ke jin zuwansa su hau wanke randa. Yana shiga ɗakin girki, ya duba ruwa, ya duba makewayi, ya duba lafiyar mai dafa abinci. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yanzu a takarda, amma masu gidajen abincin da na zanta da su sun ce wanda suka fi gani shi ne mai karɓar kuɗin lasin da na allon talla da na shara, kowa da rasidinsa, babu mai leƙa tukunya. Abin kuwa ba na wasa ba ne. A 2021 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, yawancinsu a Arewa. A watan Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta gano wuraren haɗa jabun abin sha, har da lemo, a wata kasuwa a Aba, kayan da ake lodi zuwa ko'ina. Wanda ya sha lemo kawai ma bai tsira ba.

In gwamnati ta tashi nuna ƙarfinta a kan irin waɗannan wurare, da katafila take zuwa. Ran 31 ga Disamban 2020 hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta rushe wani gidan abinci da shaƙatawa a Sabon Tasha, bayan wata takardar talla ta bazu a intanet tana gayyatar mutane wani taron baɗala. Mai wurin ta musanta cewa tana da hannu, daga baya hukumar ta ce ginin ne ya saɓa wa ƙa'ida. Ko wane ne ke da gaskiya, darasin da sauran masu sana'ar suka ɗauka shi ne kada ka zuba jari mai yawa a abin da za a iya sharewa cikin yini ɗaya. Wanda ke tunani haka ba zai gina makewayi mai kyau ba, ba zai tura ma'aikatansa koyon aiki ba. A Kano, inda doka ta hana giya, Hukumar Hisba ta fasa kwalabe 240,000 a watan Nuwamban 2013, ta fasa kusan miliyan 4 a watan Fabrairun 2022, amma mashayun Sabon Gari ba su ƙare ba. Can mai saye ya fi na Kaduna zama kurma, don kai ƙara tamkar kai kanka ne. Kaduna ba ta da wannan uzuri, tun da ita ta ba da lasin kuma tana karɓar kuɗi.

Tambaya ta biyu, ta kunya, ita ce mai wuyar magani. Mutumin da aka sayar wa buhun shinkafa mai tsakuwa zai tara jama'a a kasuwa, sarkin kasuwa ya shiga tsakani. Wanda aka cuta a mashaya sai ya haɗiye, don tsoron kada maganar ta kai ofis ko gidan surukai, ko da kuwa farfesu kaɗai ya sha. Masu wuraren sun san haka. Abin da za a iya yi shi ne a sauƙaƙa hanyar da ba sai mutum ya bayyana kansa ba. Ƙaramar hukuma tana iya sa sharaɗi cewa ba za a sabunta lasin ba sai an kafa allon farashi inda kowa zai gani, tare da lambar wayar da za a kira a kai ƙorafi, sai kuma rasidi mai sunan wuri wanda ya raba kuɗin abinci da haraji da kuɗin sabis. Duba-gari ya riƙa zagayawa ba tare da sanarwa ba, ya manna takardar sakamakon bincikensa a bakin ƙofa. A sa lokacin da za a rage ƙarar kiɗa a unguwannin zama, tun da akwai ƙa'idar hana hayaniya ta Gwamnatin Tarayya tun 2009, maƙwabta masu jarirai da ɗalibai masu jarrabawa su ma su sami barci. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar doka daga majalisa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugabanninsu suna ta neman abin da za su nuna wa jama'a sun yi, ga aiki nan a ƙofar gidansu wanda Tsarin Mulki ya riga ya rubuta da sunansu.

Su ma masu sana'ar, tun da suna da ƙungiyoyin da ke taruwa in an ƙara musu haraji, ba laifi su taru a kan koyar da ma'aikatansu, su nemi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta shirya musu ɗan kwas na mako biyu lokacin hutun ɗalibai, su kuma yarda a tsakaninsu cewa kuɗin sabis na masu sabis ne.

Abokin nawa dai ya ce in baƙon ya sake zuwa, ɗanyen kifi zai saya a kasuwa a gasa musu a gida. Mai wurin na Barnawa har yanzu bai san ya rasa mutum uku ba, don ranar da muka fita babu wanda ya ce masa komai.